Ƙoƙon Da Na Kai Funtua

Ku 'ya'yana, duk shekara in kun taru a gidan nan da Kirsimeti, ba a gama cin shinkafa sai wani ya tono labarin zuwana Funtua, kuma na lura ƙoƙon nan ƙara girma yake yi a bakinku. Bara da kunnena na ji autarku tana gaya wa jikokina wai ƙwaryar awon dawa na ɗora a ka, na ratsa tsakiyar kasuwa ina cigiya. Na yi dariya tare da ku, don ni ma abin yana ba ni dariya. Amma tunda Allah ya ja kwanana, kuma har yanzu hannuna yana riƙe biro, gara in rubuta yadda aka yi tun kafin ku mayar da shi masaki. Ƙoƙon shan kunu ne, ƙarami, a cikin jaka yake, na naɗe shi da ɗankwali. Ba kuma cikin kasuwa na kai shi ba.

A shekarar ne Saratu, matar yayanku, ta haifi Bulus. Yayanku shi ne ɗana na fari, kun san har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, a takarda ma hannuna ya ƙi, sai ku yi haƙuri da ni. Saratu 'yar Matazu ce, malamar firamare a cikin garin Malumfashi, kullum da safe yayanku ke kai ta a babur kafin ya wuce gona. Mahaifiyarta ta rasu tun tana 'yar mitsitsiya, ta tashi a hannun ubanta da yayyenta maza, saboda haka da ta haihu babu gidan da za ta tafi wankan jego kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Daga asibiti nan gidan aka dawo da ita, ana tsakiyar girbin masara, tsakar gida duk shanya, kaji sun ƙoshi har sun daina gudu in an kore su.

Ku da kuka tashi a makarantun kwana ba lallai ku gane irin kunyar da ke tsakanin uwar miji da matar ɗa a gidanmu ba. Ni na zauna da uwar babanku shekara da shekaru ban taɓa ganin ta kai loma bakinta ba, ita ma ba ta taɓa ganin kaina babu ɗankwali ba. Haka na gada, haka na riƙe, kuma ina taƙama da shi. Saratu kuwa ta iya abin har ta so ta fi ni. Da safe za ta durƙusa tun daga bakin ƙofa, ta gaishe ni idonta a ƙasa, in amsa idona a kan murhu. In ina son ta ƙara gishiri a miya, tukunya nake gaya wa, ita kuma ta ji ta ƙara. Ina sonta ƙwarai, yarinya ce mai tsabta, ba ta da ƙorafi, kuma tuwonta ba ya gudaji. Amma da za a tambaye ni a lokacin ko tana da wushirya, sai dai in aika a tambayo mijinta.

Sai Gwaggo Laraba, yayar babanku, Allah ya ji ƙanta. Ita kaɗai ce a danginsu ta tsaya a kan addinin kakanni sa'ad da sauran suka shiga majami'a, kuma ita ce ungozoma da mai wankan jego ta zuriyar nan kaf. Duk cikinku babu wanda bai bi ta hannunta ba. Ita ta jagoranci haɗa lefen Saratu, ita ta zaɓo rigunan mama da kanta, masu ƙyalli, masu leshi, da ƙarfe lanƙwashe a ƙasa, duk girmansu ɗaya, don a wurin Gwaggo rigar mama kamar ɗankwali ce, in ta yi kyau a akwati ta yi wa kowa. Saratu ta sa su da amarci, ta sa su da ciki. Jikinta yana buɗewa, su suna nan yadda suke, amma kaya ne daga hannun surukai, ba ta ga fuskar da za ta ajiye su ta sayi wasu ba. Da ta haihu, Gwaggo ta dinga ɗura mata kunun kanwa safe da yamma, nono ya zo kamar da gayya. Bayan kowane wanka kuma sai ta ɗauko zani ta ɗaure mata ƙirji tamau a kan rigar maman, wai kada su zube tun da ƙuruciya.

Ba a daɗe da yin suna ba zazzaɓi ya rufe Saratu. Nono ɗaya ya kumbura ya yi tauri, in yaro ya kama sai ta cije leɓe. Ni duk ban san wannan ba a lokacin, zazzaɓin kawai na gani. Yayanku ya mayar da ita asibiti aka ba ta magani, kuma a kwanakin da take kwance aka gwada ba Bulus madarar gwangwani. Cikinsa ya ƙi ta sam, ya yi ta amai da zawo har idanunsa suka faɗa. Nas ɗin da ta duba Saratu ta gaya mata matsi ne ya taimaka wa ciwon. Ta ce a daina ɗaurin nan, ta ajiye masu ƙarfe, ta nemi rigar da aka yi don masu shayarwa, ta ci gaba da ba yaro nono, in ba haka ba abin zai dawo, nonon ma yana iya janyewa.

Saƙon nas ɗin nan ya sha tafiya kafin ya iso kunnena, ko da yake ɗakina da na Saratu suna kallon juna. Ita ta gaya wa mijinta. Shi ba zai iya gaya mini ba, balle Gwaggo. Sai ya fara gwada sa'arsa a kasuwar Malumfashi. Ya kewaya rumfar masu kayan mata, ya sake kewayawa, da mai rumfar ta gaji ta tambaye shi me yake nema, sai ya nuna silifa. Haka ya dawo wa mai jego da silifa, ja, wanda ya ma yi mata yawa. Daga nan ya tari babanku a gona suna ɗaure buhuna, kowa yana kallon nasa buhun, ya faɗa masa a dunƙule. Babanku ya riƙe maganar a ciki har washegari, sannan ya zo bakin madafa ya tsaya, ya juya mini baya kamar mai duba rumbu.

"Uwar yara," in ji shi, "wai an ce a asibiti abin nan naku na ciki, shi ya hana yarinyar nan lafiya. Wai a sake wani."

"Wane abu?" na ce, ko da yake na gane sarai.

"Ke kin san shi. Ni dai na isar."

Ya fita da sauri har ya mance da laujensa a bakin ƙofa.

Da la'asar ɗin ranar ina sheƙar wake a bayan ɗakin Saratu, sai na ji tana yi wa jaririn magana a hankali, irin maganar da uwa ke yi wa ɗan da bai san komai ba. Ba laɓe na yi ba, taga ce a buɗe.

"Ka yi haƙuri, Babana," take cewa. "In hutuna ya ƙare dole ka koyi shan madarar can, ko cikinka bai so ba. Ni ma ciwo nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa."

Na tsaya da faifai a hannu. Maganar nan ta ƙarshe ta soke ni, don ga ni tsaye a bayan bangonta, lafiyata ƙalau, kunnena biyu. Kuma na ga idon yaron nan lokacin da yake zawo. Kun san akwai wani ɗa da na haifa tsakanin yayanku da ƙanwarsa Hannatu wanda ba ku tarar ba, zawo ne ya ɗauke shi yana ɗan wata kaɗan, kuma irin wannan faɗawar idon na gani kafin ya tafi. A wurin na ce a raina, ko me za a yi, yaron nan ba zai rabu da nonon uwarsa ba.

To amma ta yaya? Mai jego ba ta fita kafin arba'in in ba asibiti ba, kuma ba zan iya buɗe baki in tambayi matar ɗana girman ƙirjinta ba. Ni mace ce da ta yi rayuwarta tana bin kasuwannin mako da daddawa da kuka, daga Bakori zuwa Malumfashi, kuma duk abin da na sani a duniya da ido ake auna shi, a tabbatar da ƙoƙo. Saboda haka da safe, tana shayar da shi a bakin ƙofa, na wuce kamar zan ɗebo ruwa, na saci kallo da wutsiyar ido. Na shiga madafa na jera ƙoƙunana, na zaɓi wanda raina ya ba ni. A ganina na yi dabara irin wadda ba a taɓa yi ba, har ina jin daɗin kaina a mota.

Gidan Hajiya Mairo na nufa a Funtua. Mijinta ne ke sayen audugarmu da masara tun kuna yara, ni da ita kuwa mun saba har muna aika wa juna abincin Salla da na Kirsimeti. Tana da ɗaki guda a cikin gida inda take sayar da kayan mata, namiji ba ya leƙa shi. Bayan mun gaisa mun tambayi kowa da kowa, na kwance ɗankwali na ajiye mata ƙoƙon a kan tabarma, na ce ta mai shayarwa nake so, daidai wannan. Ta dubi ƙoƙo, ta dube ni, ta sake duban ƙoƙo. Sai ta kwashe da dariya har ta jingina da bango tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ladi," ta ce da ta samu numfashi, "da wane lokaci kika auna? Kafin yaron ya sha ko bayan ya sha?"

Na ce ban lura ba, wucewa nake yi.

"To ai na safe daban, na rana daban, na dama ma ba lallai ya yi daidai da na hagu ba. Kuma ba ƙoƙon kaɗai ba ne, akwai ƙirjin da zai ɗauke shi. Shi da me kika auno, da akushi?"

Na so in yi fushi, amma dariyar ta ci ƙarfina. Ta janyo wani kwali ta zazzage a gabana, ta dinga ɗaga mini su ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna mini ta auduga mai laushi wadda ba ƙarfe a cikinta, mai faffaɗar igiya wadda ba ta cin kafaɗa, da ƙugiyoyi layi-layi a baya don a sassauta ko a ƙara matsewa yadda jiki ya juya. A gaba akwai ɗan maɓalli da ake ɓallewa da hannu ɗaya, murfin ya sauko, yaro ya sha, a mayar. Ta ce tun ciki ya fara girma ya kamata a saya, a kuma sake aunawa bayan haihuwa. Sai ta ɗago wata mai huda biyu a gaba, na ce mata wannan ai ɓera ya riga ta. Ta ce a'a, haka aka yi ta, ta masu tatsa ce. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis ke saya, hudar ce ke riƙe mazurarin abin tatsa, mace ta tatsi nononta da safe a kofi mai murfi, ta bar wa mai reno, ta tafi aiki hankalinta kwance. Ban taɓa jin haka ba. Na zauna ina juya rigar a hannuna, ina tuna abin da na ji ta taga.

Na ce to ta ba ni wadda ta fi kusa da ƙoƙona. Ta ƙi.

"Kawo mini mai kayan," ta ce. "In na sayar miki a kan ƙoƙo, asibiti za ku koma, sannan ki dawo kina zagina a gidana."

Ta cika ni da dambu, ta raka ni bakin titi, na dawo gida hannu wofi.

Gwaggo Laraba na fara gaya wa, don ita ce mai wankan, kuma ba a yi mata abu a bayan ido. Ta saurare ni har na gama tana gyaran tsintsiya. Sannan ta jero mini nata. Ta ce ta wanke matan zuriyar nan tun kafin a kawo ni, duk ta ɗaure su, babu wadda ta mutu. Ta ce mai jego jikinta ɗanye ne, iskar hanya ba ta yi mata. Da na zo kan maganar tatsa kuwa, sai ta ajiye tsintsiyar ta tambaye ni ko saniya yayanku ya auro ba a gaya mata ba. Ta rantse hannunta ba zai taɓa kofin da aka tatsi mutum a ciki ba. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne na ƙarshe, don a hankali ta faɗe shi, ba da faɗa ba.

"Ladi, ke uwar miji ce. In kika tsaya a kanta ana kwaɓe mata riga, yarinyar nan ba za ta ƙara ganin girmanki kamar da ba har ki mutu. Abin nan in ya fita ba ya dawowa."

Na san gaskiya ta faɗa, kuma na ji tsoro. Girman nan ba a sama na tsince shi ba, shekaru na yi ina durƙusa wa wata kafin ya zo kaina, ga shi ya zo ke nan ban ko gama ɗanɗana shi ba. Akwai kuma kasuwa. In Saratu za ta bar nono a kofi, sai an samu mai zama da yaro kowace safiya, kuma babu kowa sai ni. Ke nan in bar wurin zamana a Bakori da Malumfashi, inda na tsufa, inda ƙawayena suke, inda nake jin labarin duniya. Na tambayi babanku, ya ce shi ba shi da baki a maganar mata. Amma da yamma na ga ya je gidan maƙwabcinmu mai mota, ya dawo yana cewa wai mutumin yana da hanya Funtua gobe, kujerar baya babu kowa.

Tun da aka kawo Saratu gidan nan ban taɓa tsallake dokin ƙofarta ba. Ranar na yi sallama na shiga. Ta zabura za ta sauko ƙasa, na ce ta zauna. Na zauna a bakin gadon, na kafa wa kalandar bango ido kamar ina neman ranar Ista.

"Gobe ki shirya," na ce wa kalandar, "za mu je Funtua ni da ke. Abin da ke matse ki za a cire. Zanin nan ma daga yau an daina."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "To, Mama."

Niyyata in mun isa in miƙa ta ga Hajiya Mairo, in zauna a tsakar gida da Bulus, in tsira da ɗan abin da ya rage mini. Da muka isa na kai ta ɗakin kayan Hajiya, har na juya zan fita sai na ji an riƙe bakin zanina. Saratu ce, kanta a ƙasa, ta ce in tsaya. Na tsaya. Da ta cire rigar na ga abin da ƙarfen nan ya yi mata, sawu biyu baƙi ƙirin a ƙarƙashin ƙirji, wani wurin har ya sale, ga kafaɗu igiya ta yi musu kwari. Wata nawa yarinyar nan ta yi tana durƙusa mini da wannan a jikinta tana cewa lafiya lau. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan jikana.

Hajiya Mairo ba ta bar mu mun yi jimami ba. Ta ɗauko tef ɗin tela ta auna ƙarƙashin ƙirji, ta auna sama, ta tambayi yaushe yaron ya sha na ƙarshe. Ta ba ta ta farko, ta sa ta ɗaga hannu, ta sa ta sunkuya, ta sa ta ja numfashi. Ta zura yatsu biyu ƙarƙashin rigar ta baya, ta ce in ba su shiga ba ta matse, in hannu duka ya shiga ta yi yawa. Ta cire wannan ta ce nono yana tsallakowa ta sama, ta cire waccan ta ce bayan yana hawa wuya. Da aka samu wadda ta zauna, Saratu ta sauke wata ajiyar zuciya da sai da Bulus ya motsa a hannuna. Aka ɗora mata shi a hannun hagu, aka ce ta ɓalle maɓallin da dama, ta yi ta gwadawa har ta iya. Muka ɗauki na yini, da mai laushi ta barci, da mai hudar nan, da 'yan ƙyallayen auduga da ake sawa a ciki don tare zuba. Sannan Hajiya ta juyo da tef ɗinta ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ma zo nan, Ladi. Wadda ke jikinki tun auren fari take, ko? Ɗaya yana kallon Bakori, ɗaya yana kallon Zariya."

Saratu ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta toshe baki, amma dariyar ta ƙwace mata. A gabana, da ƙarfi, har da buga cinya. Ranar na san tana da wushirya. Ni ma aka auna ni a gabanta, kuma ba zan gaya muku abin da tef ya ce ba.

Mun biya kemis muka sayi abin tatsa na hannu, muka kamo hanya. Mun wuce Bakori, gonaki duk an sare kara, yaro yana barci, sai ta yi magana tana kallon taga.

"Mama, tun da uwata ta rasu babu wanda ya taɓa tambayata ko wani abu yana matse ni."

Na gyara wa Bulus hula, wadda ba ta karkace ba.

Gwaggo ba ta jira arba'in ba, ta ɗaure kayanta ta koma gidanta, ta ce tunda an samu sababbin ungozomomi a Funtua ita ta huta. Ni na ƙarasa wankan. A majami'a kuwa labari ya riga mu isa. Ranar Lahadi ina shiga na ga mata suna taɓa juna, wata tsohuwa ta ja ni gefe bayan sujada ta tambaye ni ko gaskiya ne na tuɓe a gaban matar ɗana. Na ce mata gaskiya ne, kuma in tana so in kai ta ita ma, don na ga tata tana neman taimako. Wurin zamana a Bakori wata ta gaje shi kafin wata ya ƙare, kuma ban sake komawa ba. Ba zan ɓoye muku ba, ranar kasuwa in na ji motoci suna wucewa da sassafe, raina yakan bi su. Ciwon Saratu dai ya tafi bai dawo ba, Bulus ya yi kumatu, wuyansa ya yi ninki har sai an buɗa ake wankewa.

Abin da ya rage shi ne ko zai karɓi kofi. Mun gwada kafin hutunta ya ƙare, amma muddin yana jin ƙanshin uwarsa a gidan, sai ya kawar da kai ya yi mana tsawa. Ranar da za ta koma makaranta ta tashi da wuri, ta sa mai hudar, ta tatsa, ta rufe kofin, na sa shi a cikin kwanon ruwan sanyi a gindin randa. Ta shayar da shi har ya yi gyatsa. Ta hau babur tana waiwaye, yayanku yana ce mata ta riƙe shi da kyau kada ta faɗo.

Da hantsi yunwa ta tashe shi. Na ɗumama kofin a ruwan ɗumi, na ɗauko ƙaramin cokali, na zaunar da shi a cinya ina kiransa angona, ina yi masa alkawarin tuwo da miyar kuka in ya girma. Ya tofar. Na sake, ya bankare, ya buɗe baki ya cika unguwa da kuka. Na goya shi, na sauke, na yi masa waƙar majami'a, na yi masa ta daka. Gumi ya jiƙa ni. Na dubi kofin na ga har na zubar da wani a ƙasa, na fara tunanin ko duk abin da na yi na banza ne, ƙarshenta gwangwanin nan za a koma.

Ina cikin haka sai ga sallamar Gwaggo Laraba. Wai ta zo ɗaukar wani faifanta da ta mance, faifan da ya yi wata biyu bai dame ta ba sai ranar. Ta tsaya tana kallona ina fama, tana taɓe baki. Ta ce ban iya riƙe yaro ba, ta ce cokalin ya yi sanyi, ta ce ni ko 'ya'yana ma ita ta rena mini su. Can ta yar da faifan.

"Ba ni shi nan, kafin ki shaƙe mini jika."

Ta zauna a kan turmi, ta ɗaga shi zaune a hannunta, ta ajiye cokalin gefe. Ta karɓi kofin nan da ta rantse ba za ta taɓa ba, ta kai bakinsa a leɓen yaron, ta karkata shi kaɗan har nonon ya taɓa leɓen, ba ta zuba ba, ta tsaya tana yi masa wani gunaguni a maƙogwaro. Ya yi shiru. Ya fito da harshe ya lasa. Ya sake lasa. Sai ga shi yana sha, yana kallonta da ido ɗaya. Ni dai na zauna a ƙasa ina kallonsu. Da ya shanye ta miƙo mini kofin ba ta dube ni ba, ta ce gobe in tabbatar yarinyar ta bar fiye da haka, wannan ba ya isar namiji. Daga ranar har ta koma ga Mahaliccinta, duk wanda ya tambaya, cewa take yi ita ta kawo dabarar.

Bayan azahar na ji ƙarar babur. Kafin ya gama tsayawa Saratu ta diro, ta shigo da gudu da jakarta a hannu. Ba ta durƙusa ba, ba ta gaishe ni ba, Gwaggo ma da ke zaune ba ta gan ta ba. Idona ta duba kai tsaye.

"Mama, ya sha?"

Na ɗaga mata kofin, na kifa shi. Ta saki jakar, ta zo ta zauna a kan tabarmata, kafaɗarta tana gogar tawa, abin da matar ɗa ba ta taɓa yi ba a gidan nan tun da aka kafa shi. Ta karɓe shi, ta ɓalle maɓallin da hannu ɗaya, ya kama. Gwaggo ta dube ni, na dube ta, ta girgiza kai ta tashi ta shiga madafa. Kafin yaron ya ƙoshi barci ya kwashe uwar, kanta ya gangaro ya sauka a kafaɗata. Ƙafata ta yi sanyi har na daina jin ta, ga tuwo ban ɗora ba, ga awaki suna ɓarna a shanya. Ban motsa ba har ta farka.